Saura Igiya Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannu mai cike da kanta, ni Lado mai datse rassan itatuwa a Ƙaura Namoda nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman mutanen Zurmi, rasuwar igiyata ta hawa, wadda aka fi sani da Doguwa. Ta cika tun farkon watan nan a kan wani gawo a Shinkafi. Jinkirin sanarwa ne ya jawo mini abin da za ku ji a ƙasa.

Marigayiya ta yi rayuwarta a ninke. Nakan jefa ta kan reshe, bakinta biyu su sauko, ɗaya a ƙuguna, ɗaya a hannuna, in yi ta jan kaina sama kamar guga. In na ja kamu biyu, sai ta hau da ni kamu ɗaya. Ban taɓa ce mata tana tauye mudu ba, don ba a faɗa da wanda ke riƙe da kai a sama. Mai haƙuri ce, ba ta da magana sai "ƙiii, ƙiii" idan tana gugar reshe. Ta cinye mini fatar hannu, kuma albarkacinta ne matata Asiya ke shafa mini man kaɗanya kowane yammaci tana mita.

Ciwon ajalinta gugar nan ce. Ta fara furfura, zare na tashi, akuyar maƙwabta kuma ta taimaka da nata. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tas!" Allah ya sa na kusa ƙasa. Shanun da ke jiran ganye suka ɗago kai suka dube ni a kwance, suka ci gaba da cin abincinsu.

Ta rasu ta bar zarto, da adda, da gatari mai girgiɗi, da kafaɗata ta dama wadda har yanzu take zaman makoki.

Bayan rasuwarta ne abokin aikina Nuruddeen ya koya mini sabon hawa. A ɗaure igiya a gindin itace, a rataya ta a reshen sama, ta sauko tilo, ba ta motsi balle ta goge. Wani ƙarfe mai haƙora ya cije ta, kai kuma ka taka da ƙafa kamar mai hawa tsani. Daɗi ya kwashe ni, na huta da igiya mai baki biyu. A teburin mai shayi na bakin tasha na buɗe baki na ce, "Biyun nan na sallame su. Igiya ɗaya ta rage min, kuma wallahi yanzu na san ina raye."

Ashe Goggo Kyauta, ƙanwar surukina, tana gefe tana jiran motar Zurmi. Ba ta tambayi wace igiya ba. Lissafin aure ta yi: igiya uku, an cire biyu. Kafin in gama saran darbejiyar da na tafi yi daga nan, labari ya isa Zurmi cewa na yi wa Asiya saki biyu ina murna. Na dawo gida na tarar an zo da babur an tafi da ita.

Na kira surukina Baba Yari a waya. Ya ce, "Lado, mi ɗiyata ta yi maka? Da kunnenta Kyauta taj ji ka."

Na ce, "Baba, igiyar itace nike nuhi."

Ya ce, "To, ɗiyar tawa ce itace?" Ya kashe waya.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Liman ya ce ba a yi wa igiya salla, kuma ya roƙe ni in daina zuwa masa da irin wannan tambaya. Za a ɗauki gawa daga gidana ranar Asabar da safe, a baya a kan babur, zuwa zauren Baba Yari a Zurmi. Can za a shimfiɗe ta, kowa ya ga inda ta tsinke da idonsa. An keɓe wa Goggo Kyauta wuri a sahun gaba. Ba a karɓar gaisuwa a teburin mai shayi, na daina magana a can.

Asiya, ki fito ki yi mata kallon ƙarshe, kin san ta, ke kika sha naɗe mata ciwo da tsumma. Naki ukun suna nan, ko zare bai tashi ba. Hannuna ya warke, amma tun da kika tafi hawa ba ya ba ni tsoro, saukowa ce ke ba ni, don babu mai yi mini mita a gida. Idan an sauke gawa, bayan babur zai zama babu kowa, kuma na riga na goge shi.