Ranar da Na Tsuguna wa Surukina da Ƙafar Tiyata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsuguna wa surukina ba, ko da kuwa ina so in manta, domin duk safiya in na zo sa takalmi sai babban yatsana ya tuna mini.

Ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa, a sashen da ake jiƙa fatu cikin ruwan magani. Dokar wurin ba ta san ɗan gida ba: in babu takalmin but a ƙafarka, ba ka shiga. Ni kuwa babban yatsan ƙafata ta dama ya daɗe da shan kwana. Ƙashin gindinsa ya turo waje ya yi ƙullutu kamar goro, yatsan kuma ya kwanta a kan 'yan uwansa. (Gado ne. Haka ƙafar mahaifiyata take, sai dai ita ba ta taɓa sa but ba.) Na yi shekaru ina dabara, ina cusa auduga, ina ɗingishi ina ce wa mutane salon tafiya ne. Da zafin ya kai ina laɓewa bayan ganguna ina cire but ɗin, shugaban sashenmu ya kama ni. Ya ce ko in je a gyara ƙafar, ko in nemi aikin da ake yi da silifas. Ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ban iya wata sana'a ba.

Aka yi aikin. Likitan ƙashi, wani mutum marar yawan magana, ya yanka ƙashin, ya daidaita masa zama, ya ɗaure shi da 'yar ƙusa. Ranar da za a sallame mu ya zaunar da ni da matata Hadiza.

"Nawa aikin ya ƙare, saura naka," in ji shi. "Kana da ciwon suga? Kana shan taba?"

Na ce ko ɗaya.

"To madalla, don su ne ke hana ƙashi haɗewa da wuri. Yanzu ƙafar nan ta zauna a sama. In ta kama sai ka tashi, ka riƙe sanduna ka taka dunduniya kawai. Yatsan nan kuwa kada ka kuskura ka lanƙwasa shi. In ƙashin ya goce sai an sake sabon aiki, kuma na biyu ba ya kyau kamar na farko."

Na tambaye shi salla fa. Ya ce a zaune, ƙafa a miƙe.

Gaskiya na bi doka, har na fara jin kaina. Masu zuwa dubiya gidanmu a Panshekara kowa da maganinsa. Wannan ya ce a shafa man shanu, wancan ya ce akwai wani mai ɗori da zai murza yatsan ya miƙe a zama ɗaya. Ni kuwa daga kwance sai in yi musu lacca a kan yadda ƙashi ke haɗewa, sai ka rantse ni na yi tiyatar. Abu ɗaya ne kawai ya rage mini kwarjini: wando ba ya wuce bandejin, don haka zanin Hadiza nake ɗaurawa.

Yanzu bari in gaya muku waye surukina. Malami ne, yana karantar da littattafai a zaurensa a cikin birni. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, takalmina ma tun daga nesa nake cirewa. Shi kuma ba mai zuwa gidan 'ya'yansa mata ba ne, shi ya sa ko a mafarki ban sa shi cikin masu dubiya ba.

Ranar, bayan Azahar, ina kwance a falo a kan katifa, daga ni sai singileti da zani mai manyan furanni. Ƙafar tana kan filo uku, tana saitin bakin ƙofa. Sai na ji sallama a tsakar gida, na kuma ji Hadiza daga kicin tana cewa, "Lale, lale! Baba ne? Ku shiga, yana falo."

Ya ɗaga labule. Abin da ya fara yi masa maraba a gidana shi ne tafin ƙafata.

Wallahi ban san lokacin da na yanke shawara ba, jiki ne ya yi aikinsa. Na wuntsilo daga katifa, na manta da sanduna, na manta da likita, na tsuguna yadda na saba, nauyina gaba ɗaya a kan yatsu. Wani abu ya ce ƙas a cikin bandeji. Zafin ya taso daga yatsa har tsakar kaina.

"Barka da zuwa, Baba. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Baba. Ya mutanen gida? Ya ɗalibai? Ya su Hajiya?"

(Duk wanda ya san gaisuwar suruki ya san ba a yanke ta a tsakiya. Na kai ta har ƙarshe, gumi yana ɗiga daga haɓata.)

"Tashi ka koma ka kwanta," in ji shi.

"A'a, Baba, nan ma ya yi."

Ya ɗauka ladabi ne. Ni kuwa tashin ne ba zan iya ba.

Hadiza ta shigo da ruwa, idonta ya sauka a kan bandejin da ya fara ja. "Innalillahi! Abban Ummi, jini!" Don in nuna ba komai ba ne sai na yunƙura. Ashe na take bakin zanin. Ni na miƙe, zani bai biyo ni ba. Ƙafar ta ƙi ɗaukata, na tafi gaba, na cafko babbar rigar Malam da hannu biyu, na ƙare rungume da gwiwoyinsa cikin wani tsohon gajeren wandon ƙwallo. Dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba, shi ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni.

Na ɗauka kunyar ta ƙare a nan. Aka tsayar da adaidaita sahu, Hadiza ta yafa mini jallabiya. Malam ya riga ni shiga, ya buga cinyarsa.

"Ɗora ta nan."

"Baba, ai..."

"Likita ya ce ta zauna a sama, ko bai ce ba?"

Haka na ɗora ƙafata a cinyar surukina, ya tallafe dunduniyar da hannunsa. Kuma sai da tireloli suka tsayar da mu a hanyar Challawa daidai lokacin canjin aiki. Wani abokin aikina, Sale, ya hango ni ya taho da fara'a yana cewa, "Oga, ya jiki?" Da ya leƙo ya ga inda ƙafar take, sai dariyar ta maƙale masa. Ya tsuguna a bakin titi ya gaida Malam, ya tashi ya tafi bai sake kallona ba. Kafin washegari duk sashenmu sun ji.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar. Ina zaune ina jira, ba kunyar ce ma ke damuna ba a lokacin, tsoro ne. But ɗina nake gani rataye a kamfani, wani yana sawa. Likita ya zo ya ce ɗinki ya farke, ƙashin ya ɗan motsa, amma ƙusar ta riƙe. Ba sai an sake aiki ba, sai dai zaman jinya ya ƙaru.

"Faɗuwa ka yi?" ya tambaye ni.

Na sunkuyar da kai. Malam ne ya amsa. "Gaishe ni ya yi."

Na ga likitan ya daɗe yana neman wani abu a aljihunsa yana kallon bango.

Da ya fita Malam ya juyo gare ni a natse. "Salla fa, yaya kake yin ta?"

"A zaune, Baba."

"Ƙafa a miƙe?"

"A miƙe."

"To Ubangijin da ya halicce ka ya yarda ka miƙe ƙafa a gabansa, ni ne na fi ƙarfin haka? In ka rasa aikinka a kan gaisuwata, wa zai ciyar mini da jikoki?"

Sai idona ya cika da ƙwalla. Na bar shi a kan zafin ɗinki ne.

Daga nan duk Juma'a sai ya zo, har na warke. Ya jawo kujera ya zauna daidai saitin tafin ƙafata, in ta zame daga filo ya gyara da kansa. Ban taɓa shan magani mai ɗacin wannan ba, amma shi ya yi aiki. Na koma Challawa, but ya shiga, ɗingishi ya tafi. Sai dai yatsan bai miƙe sak yadda likita ya so ba, ya ɗan rusuna kaɗan. Hadiza ta ce har yanzu gaida Baba yake yi.

Don haka duk wanda za a yi wa wannan aiki, in likita ya gama tambayarka suga da taba, kada ka tashi. Ka gaya masa kana da suruki, kuma ya san hanyar gidanka.