Ranar da Aka Kama Ɗakin Mufaddal

Yau da safe an kama ɗaki a ƙauyenmu. Ba mai ɗakin ba fa, jama'a, ɗakin. Ni aka tsayar shaida saboda katangarmu ɗaya, har shayina ya huce a banza.

Bari in faro muku daga tushe. Mu nan yankinmu na duwatsun Rif, ganyen da muke kira kif, wato tabar wiwi, ba baƙon ganye ba ne. Kakanninmu sun noma shi, iyayenmu sun noma shi ido ɗaya a gona ɗaya a kan hanya. Kwatsam sai manyanmu, Allah ya ja zamaninsu, suka gano cewa ganyen da suka shekara suna korar mu a kansa ashe magani ne. Aka yi taro, aka yanka ƙyalle, aka tafa. Mu ma muka tafa, kafin mu ji ƙarshen zancen: mai lasisi ya noma, ya miƙa wa kamfani, kamfani ya tatse man ya tura ƙetaren teku, tsofaffin can su shafa a gwiwa. Gwiwar gida kuwa ta jira kwamiti ya zauna.

Gwiwar gida da nake nufi ita ce ta Lalla Mannana, mahaifiyar maƙwabcina Mufaddal. Ta daɗe tana sallah a kan kujera. Ciwon ba ya damunta kamar yadda rashin sujada yake ci mata rai. "Na tsufa ina gai da Ubangijina a zaune, sai ka ce wata hakima," haka take faɗa, kuma duk ranar da ta faɗa sai Mufaddal ya kasa cin abinci. A da, ɗan ganye take sawa a man zaitun ta shafa. Yanzu kowane tsiro a gona na kamfani ne. Mufaddal ya yi ta sintiri gari wajen jami'in lasisi, Ranka-ya-daɗe Mai Hatimi, neman izini, kullum amsa ɗaya: ana taro.

Ran nan sai ya leƙo ta kan katanga yana raɗa.

"Si Ayyashi, asiri zan gaya maka. Ɗan ƙanena na Turai ya nuna mini a waya, can a ɗaki suke shukawa, da fitilu da fanka. Zan gina ƙarami a bayan gida, tukunya uku kawai, don Inna."

Na ce, "Mufaddal, rana kyauta take fitowa a kan dutsen nan, kai kuma za ka saya wa ganye ta mita?"

Ya ce, "Rana ba ta da ƙofa, malam. Ɗaki ke da ƙofa."

Abin da ya manta shi ne, a ƙauyenmu ba a ɗora tubali kan tubali mutum ɗaya. Ƙarar guduma ita ce goron gayyata, kuma wanda ya yi gini bai kira gayya ba ya zagi gari. Kafin rana ta take, mazan unguwa sun cika bayan gidan, mata sun sauke tukunyar miyar wake da burodi mai zafi, liman ya zo ya sa albarka. Mufaddal yana gumi yana cewa ɗakin 'yan tsaki ne. Kowa ya ce Allah ya raya su. Da la'asar tsoho Bushta, wanda ya fi kowa sanin gona, ya shigo da tukwane uku kore shar, ya dire a gabansa ya ce, "Ga 'yan tsakin naka, yaro. Kada ka cika musu ruwa."

An gama ɗaki, an rataya fitilu, saura wuta. To, Masu Girma na wutar lantarki kun san su, mutane ne masu kunya, ba sa son daɗewa a gidan mutane. Su leƙo su gaisa su wuce. 'Yan tsaki suka fara rawaya, suka sunkuyar da kai. Lalla Mannana ta dube su ta ce, "Ku fitar da bayin Allah su sha hantsi, ko mara lafiya ai ana fitar da shi." Aka jera su a ƙofar gida kusa da na'ana'a. Da farko ana mayar da su da yamma, daga baya aka gaji. Suka miƙe abinsu suka yi tsawo, tsohuwa ta koma shafa manta. Ɗakin kuma da yake ya fi ko'ina ɗumi in an kawo wuta, sai ta kwashe buzunta da kujerarta ta tare a ciki.

Asirin da aka gina da gayya kuwa ba ya tsayawa a ƙauye. Yau sai ga farar mota, Mai Hatimi da kansa, da mataimakinsa riƙe da jaka. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro ƙwarai. In aka tafi da Mufaddal, wa zai ɗaga tsohuwar nan?

Mai Hatimi ya zo shiga, reshen ɗaya daga cikin 'yan tsakin ya kama masa wando, ya ture tukunyar da takalmi ya wuce ɗakin kai tsaye. Ya tarar da fitilu, da fanka, da Lalla Mannana tana jan carbi.

"Inna, me ake shukawa a nan?"

"Ni ce, ɗana. Ban dai tsiro ba tukuna."

Ya ce a kunna fitilu ya gani. Babu wuta. Ya ce wannan ma abin tuhuma ne. Mataimakin, sabon shiga ne bai san dawan garin ba, ya nuna ƙofar gida ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗancan fa?"

Mai Hatimi ya dube shi da tausayi. "Kai, ni na cikin ɗaki aka aiko ni. Na waje aikin wani ofishi ne daban, kuma ba a naɗa shugabansa ba tukuna. So kake in yi wa wani shisshigi?"

Aka fito da tsohuwa a mutunce, aka ja ƙofa, aka ɗaura igiya, aka manna jan hatimi. Na sa hannu cewa a gabana ɗakin ya miƙa wuya ba tare da gardama ba. Mai Hatimi ya sha shayi a inuwar tukwanen nan uku, ya yaba iskar ƙauye, ya tafi.

Sai da aka kira azahar muka tuna kujerar Lalla Mannana tana cikin ɗakin da aka kama. Mufaddal ya zabura zai aro wata, ta ce ya bari, sallah ba ta jiran aro. Ta shimfiɗa mayafinta a tsakar gida ta tayar. Muna tsaye muna jin gwiwoyin suna ƙara, ta yi ƙasa a hankali, a hankali, har goshinta ya taɓa ƙasa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Mufaddal, ƙato mai gemu, ya juya ya fuskanci bango yana kuka, ni ma wani abu ya faɗa mini a ido.

Ban sani ba ko man ne, ko ɗumin fitila, ko addu'ar liman. Na dai san tun da nake, yau ne na fara ganin hatimin hukuma ya warkar da mutum. Don Allah kada wanda ya kai musu labari, sai su zo su yanka ƙyalle a gwiwar tsohuwa.