Ƙafar da Na So In Ɓoye a Mafara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka tare a Talata Mafara ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni. Tun kafin mu ɗaure kaya abu ɗaya ke hana ni sukuni: kada matan sabon gida su san ni da ƙafa kafin su san ni da suna. A Maradun, tun da hatsarin babur ya sa aka yanke mani ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, na tashi daga Maman Nana na koma "mai ƙafar roba". Ko goyo na yi sai wata ta ce, "Kawo ta, kada ki hwaɗi da ita." Wannan magana ta fi ciwon ci mani rai, kuma ciwon ba na wasa ba ne (yatsun da aka binne tuni har yau sukan yi mani zugi, in kai hannu in tarar da iska).

Sai na yi dabara. Na naɗe sandata cikin tabarma, na sa aka cusa ta can ƙasan kaya a bayan a-kori-kura. Na sa baƙar safa da takalmi sau-ciki, na saki zani har ƙasa. Baban Nana ya dube ni ya ce, "Tashi muke yi ko biki za ki?" Na ce ya ƙyale ni.

A hanya kowane rami sai na ji shi a dungulmin ƙafata, wurin da aka yanke, kamar ana soka mani tsinke. Da abin ya ishe ni na kwance maɗaurin da ke riƙe ƙafar a saman gwiwa, na ce in mun iso na ɗaure. Muna isowa mata suka fito, ana sannunku da zuwa, yaya hanya, yaya mutanen Maradun. Garin amsawa da murmushi maɗauri ya fita a raina.

Wata maƙwabciya mai suna Atine ta ce, "Kahin ki shiga ɗakinki, zo ki gai da Hajiya Inno, ita ce uwar mai gidan." Na goya Nana, na ratsa tsakar gida a hankali kamar amarya, ina jin daɗi a raina wai ba wanda ya gane.

A ƙofar ɗakin ga takalma jere. Hajiya na zaune kan darduma da carbi, mata biyu a gefenta. Shiga ɗakin babba da takalmi ai sai a ce ba a yi mani tarbiyya ba. Na dama ya fita ba gardama. Na hagu kuwa, kullum a zaune nake cire shi da hannu, amma in na zauna asiri ya tonu. Sai na take dunduniyarsa da yatsun dama, na ja sama, ina cewa, "Salamu alai..."

Sai na ji wani irin sakayau.

Na cafke ƙyauren ƙofa. Da na duba ƙasa, ga ƙafata can tsaye ita kaɗai cikin takalman mutane, da safarta da takalminta, kamar baƙuwar da ke jiran a yi mata iso. Nana ta leƙo ta kafaɗata tana dariya (ita a wurinta wasa ne, kullum tana ganin ana cirewa). Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige, ko da tsalle ne.

Hajiya Inno ta ajiye carbi, ta dubi ƙafar, ta dube ni. "Wa alaikumus salam. Ɗiyata, mu nan gidan ga takalmi kaɗai muke cirewa."

Atine ta toshe baki da gyale, sannan ta miƙo hannu za ta kwance mani goyo. Na ce a raina shi ke nan, Maradun ta biyo ni. Sai Hajiya ta ce, "Bar mata ɗiyarta. Ba ki gani ba? Ƙahwa ta tahi, goyo ko motsi bai yi ba." Ta nuna wata kujera kusa da ƙofa. "Mijinki ya gaya muna tun ran da ya zo neman ɗaki, shi ya sa aka ba ku wanda ba dakali. Kujerar ga tun sahe take jiranki."

Nan kunya ta biyu ta rufe ni, ta fi ta farko. Ashe duk yangar da na yi a tsakar gida, kowace mace ta sani, kallona kawai suke suna kawaici. Na zauna, Atine ta miƙo mani ƙafata hannu bibbiyu kamar mai miƙa ƙwaryar fura, muka ƙarasa gaisuwa.

Dungulmin kuwa ya rama. Kwana da kwanaki ban iya sa ƙafar ba, da sandar nan da na ɓoye na riƙa zagaya gidan, Nana a bayana. Wahalar da na sha wajen ɓoyo ta fi wadda zan sha da na fito da sandata tun farko. Amma har yau Maman Nana suke kirana, sai dai in zan shiga ɗakin Hajiya takan ce, "Shigo duka."

Roƙona gare ku, in baƙuwa ta tsaya a ƙofarku tana jinkirin cire takalmi, kada ku zuba mata ido. Ku miƙa mata kujera tukuna, gaisuwa ba za ta gudu ba.