Nomau da Kifayen Inna

A ƙauyen Kurmin Ɗinya an yi wani mutum wai shi Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa ɗungurungum, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tasalla mai kiwon zabi, wadda bakinta ba ya hutawa, sai mahaifiyarsa Inna Yalwa. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Inna a ɗaki ta daina hira, abinci ma sai an yi da gaske take kai loma biyu. Tana ta ramewa, Nomau na kallo, abin na cin ransa.

Wata rana ƙanwarsa Hansatu, da ke aure a birni, ta zo da akwatin gilashi da kifayen ado guda uku a cikin leda, ta ce a ajiye wa Inna ta riƙa kallo. Aka zuba ruwa, aka sake su. Inna ta ɗago kai ta daɗe tana dubawa, can ta ce, "Wannan Ɗan Ja ne, wannan Mai Gyale, wancan da ba ya kula kowa kuma Kurma." Ran nan ta cinye tuwonta tas.

Maƙwabta suka cika ɗaki suna leƙe. Da suka ji Nomau aka bar wa kula da kifayen, sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce, "Kwana uku muka ba su."

Nomau ya miƙe tsaye. "Ko ɗaya ba zai mutu ba. Ku je ku yi ta ƙirga kwanakinku!"

Wata rana, washegarin tafiyar Hansatu ke nan, kifayen suka maƙale bayan wani dutse da aka sa musu a akwatin suka ƙi fitowa. Nomau ya tuna ta ce, "Yaya, baƙi ne, kada a firgita su da ƙara." Nan take ya ɗauke taɓaryar Tasalla ya cilla kan rufin ɗaki, ya kai zakara gidan maƙwabci, ya hana kowa sallama da ƙarfi. Bai tsaya nan ba, ya taka har wurin mai injin niƙa ya ce a kashe.

Mai inji ya ce, "Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Muna da baƙi."

Ranar, Tasalla sai a bayan gari ta yi surfe, tana yi tana faɗa. Kifayen dai da suka ga dama suka fito da kansu, Nomau kuwa ya ce ai ga shi kowa ya gani.

Wata rana aka wayi gari cikin Mai Gyale ya kumbura, yana iyo a karkace. Ashe duk wanda ya shigo gaida Inna sai ya ɗan jefa musu gutsuren tuwo, wai kada a ce ya zo hannu rabbana. Nomau ya kira Hansatu a waya, ta ce, "Ƙoshi ne ya yi yawa. A daina ba da abinci kwana biyu." Ya ce to. Ya zo ya kulle ɗakin girki ya sa makulli a aljihu.

Tasalla ta dafe ƙirji. "Malam, kifi aka ce maka, ba mu ba!"

"An ce a daina ba da abinci. Kuma wane irin rashin kunya ne mu ci baƙo na kallo?"

Inna kaɗai ya yarda ta ci, shi ma sai da ya rataya zane tsakaninta da gilashin don kada su gani. Shi kuwa ya zauna gabansu kwana biyu cur, cikinsa na ƙugi, yana ba su haƙuri. Tasalla ta koma cin abinci a gidan yayarta. Mai Gyale ya warware.

Wata rana sai ga fararen ɗige-ɗige a jikin Kurma kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta goga jikinsa da dutse. Hansatu ta ce, "Ciwo ne, kuma ana ɗauka. Duk mai farin ɗigo a ware shi shi kaɗai har ya warke." Nomau ya sauke babbar tasar Tasalla, wadda ko baƙo ba a zuba wa abinci a ciki, ya saka Kurma. Yana fitowa tsakar gida idonsa ya faɗa kan zabi. Ya yi salati. Goma sha ɗaya, kowace daga wuya har wutsiya farin ɗigo ne! Kafin Tasalla ta dawo daga unguwa ya kife kowace zabuwa da kwandonta, har da aron na maƙwabta.

"Malam, haka Allah ya halicce su!"

"To Allah ya ba su lafiya. Amma ba mai fita."

Wata rana, ranar da ake suna a gidan mai unguwa, Nomau ya riga kowa zuwa rijiyar gari bayan asuba, ya ɗebo ruwa don ya sabunta na kifayen. Bai gama zuba kofi na uku ba ya ga Ɗan Ja da Mai Gyale sun taso sama suna buɗe baki. Ɗan Ja ya kife a gefe. Inna ta ce, "Nomau!" da wata murya da bai taɓa ji ba. Ya yi maza ya kwashe su ya saka a ruwan randa na jiya. Mai Gyale ya farfaɗo, Ɗan Ja kuwa yana kwance, sai bakinsa da ke ɗan motsi. Inna ta ture kokonta ta juya fuska bango.

Maganar Hansatu ta faɗo masa: "Duk ruwan da ka zuba ka ga sun taso suna haki, ba shi da kyau, kada a sake amfani da shi." Ya ciro ƙyauren ɗakinsa, ya ɗora a ka, sai rijiya. Ya tarar da mata uku sun cika bokitai, ya tuntsurar da su. Ya rufe bakin rijiyar da ƙyauren, ya hau ya zauna, sanda a cinya.

Kafin hantsi gari ya taru a kansa. Ga tukwanen suna a kan wuta, ba ruwa. Aka zage shi, aka zagi kifin, wata ma ta ce da ma soya su aka yi tun ranar farko. Mai unguwa ya zo da kansa.

"Nomau, sauka. Kifi za ka fifita a kan mutane?"

"Ranka ya daɗe, an ce kada a sake amfani da shi. Sai dai ku ɗauke ni da ƙyauren."

"Rijiyar da kakanninmu suka sha?"

"Ko kakan wa ya sha. Ɗan Ja na can kwance, Inna ta ƙi karyawa. Wallahi ba na sauka!"

Sai Gagare mai yasar rijiya ya ce a bar shi ya shiga ya fito, ko wawan nan ya ji kunya ya bar mutane. Nomau ya yarda, da sharaɗin ba zai kurɓa ba. Gagare ya sauka yana dariya. Da ya fito ba dariya a fuskarsa. Ya ajiye wata jarka a gaban mai unguwa, ba murfi, warinta ya sa mata toshe hanci. Maganin feshin gona ne. Wani manomi ya durƙusa ya ce jiya da magariba ta suɓuce masa ta faɗa ciki yana haɗa magani a bakin rijiya, tsoro ya hana shi faɗa.

Mai unguwa ya dubi tukwanen da za a ciyar da gari guda, ya dubi Nomau, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka ceci rayuka."

Nomau ya ɗauki ƙyaurensa. "Ni ba don ku na yi ba."

Da ya isa gida ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga. Sai ya ji muryar Inna: "Shigo mana, ga ɗan banzan nan ya tashi yana bin Mai Gyale. Tasalla, ɗumamo mini kokon nan." Nomau ya zauna a ƙasa ya share ido da hannun riga.

Tasalla ta miƙa masa nasa kokon, ta yi ƙasa da murya, abin da ba ta saba ba. "Malam, tunda yau ranar farin ciki ce, a saki zabin nan mana."

Ya leƙa ƙarƙashin kwando ɗaya, ya girgiza kai. "Ba su warke ba."

Iyakar abin da na sani ke nan, sauran ku tambayi Tasalla.