Wutar Fetur a Tsakiyar Ruwa

"Wushe, wushe, sannu da zuwa, bawana! Warin kifi ne ya fara yi maka sallama."

Garzali ke nan, mutumin Kano, daga cikin shagonsa na kayan inji a unguwar Gwange, yana tarbar taubashinsa Ajimi, ɗan ƙanwar babansa. Ajimi jirgi mai inji yake tuƙawa a madatsar Alau. Makon jiya jirgin maƙwabcinsa ya kama wuta, mutumin ya ƙone a hannu. Tun ranar matar Ajimi, Mu'mina, ta ɓoye makullin injinsa, ta ce sai ta ga tukunyar kashe gobara da idonta.

"Bawan wa? Kai da kwata ma ba ka iya tsallakewa?" Ajimi ya rungumo wata ƙatuwar tukunya. "Wannan zan ɗauka."

"Ajiye. Ta ruwa ce."

"To da miya ake kashe wuta a Kanonku?"

"Kana zaune a kan tafki guda, ka zo sayen ruwa a gwangwani! Shi maƙwabcin naka da me ya kashe tasa?"

Ajimi yana wurin aka yi abin. "Bokiti ya watsa mata. Sai ta bi ruwan ta mamaye jirgin."

"Haka fetur yake, saman ruwa yake hawa, wutar ta bi shi. Mai hoda za ka ɗauka, ko mai kumfa. Su suke rufe ta ruf." Ya miƙo wata 'yar madaidaiciya.

"Wannan 'yar abar? Gorar shayina ta fi ta."

"Kai ma kanka ya fi nawa girma, me aka samu a ciki? Duba allurar nan, kullum ta tsaya kan kore. Ka zare fil, ka auna gindin wutar, ba samanta ba. Kuma ka rataye ta kusa da hannunka, ba a jikin jarkar mai ba."

"Ji tsoro! Ko so kake in daɗe a duniya?"

"In ka ƙone wa zan riƙa zagi? Kuma Mu'mina da yara biyar wuyana za su faɗo."

Ajimi ya kwashe da dariya, ya saɓa tukunyar a kafaɗa.

"Ka ci, ubangidana. Amma gobe kai za ka zauna kusa da injin, mu gwada ta."