Ƙosai a Baki, Suruki a Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren ƙanin matata a Toranke ba. Aikina karanta labarai a rediyo, don haka dangin matata suka ce ni zan yi sanarwa a wajen taro. Ranar ce nake so su ga 'yarsu ba ta yi zaɓen banza ba. (Har sabuwar hula na saya.)

Muna zaune a zaure da Sabi'u, wan matata, aka kawo ƙosai yanzu aka tsame shi daga mai. Sabi'u ya jefa ɗaya a baki, ya tauna, ya miƙa hannu ya ɗauki wani. Na yi lissafi irin na masu hankali: baki dai baki ne, abin da nasa ya ɗauka nawa ma zai ɗauka. Na jefa guda ɗungurungum.

Daidai nan surukina ya yi sallama.

Kowa ya sani, ba a cin abinci a gaban suruki. Ba a taunawa, balle tofarwa. Na durƙusa na rufe baki, ƙosai ya manne a ganɗata yana ta aikinsa.

"Malam, an zo lafiya? Ya hanya?"

"Mmm."

"Ya mutanen Gaya?"

"Mmm."

Baba mutum ne mai cika gaisuwa. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya gangaro kan damina. Hawaye suka fara zubo mini. Ya dube ni, ya dubi Sabi'u.

"Kai, ko rasuwa aka yi ake ɓoye mini?"

Sabi'u, Allah ya shirye shi, ya ce, "Baba, ƙosai ne a bakinsa."

Baba ya juya ya fuskanci bango, ya ce, "Haɗiye, ɗana. Ni ban ga komai ba."

Na haɗiye. Sanarwa kuwa na yi ta, harshe na kaffa-kaffa da rufin baki, har wani dattijo ya tambaya ko da gaske ni ne na cikin rediyon.

Da fatar wajen ta saluɓe, na je wajen likitar haƙori a Gaya, ina zaton wata cuta ce ta sa nawa bakin ya kasa abin da na Sabi'u ya iya. Ta duba ta ce, "Ƙuna ce kawai, za ta warke. Naman ganɗa da na dasashi ba kaurinsu ɗaya a wajen kowa ba. Na wani da kauri, na wani siriri, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Ko a baki ɗaya, tsakiyar ganɗa ta fi gefenta siranta. Naka siriri ne, ka kuma ajiye wuta daidai inda ya fi siranta."

"To shi Sabi'u fa?"

"Ban ga bakinsa ba. Amma ina jin shi taunawa ya yi, bai riƙe ana gaisawa ba."

Ni da Baba yanzu sai son barka. Idan na je Toranke aka kai mini abinci, daga waje yake yin tari ya ce, "Malam, in shigo ko da saura?" Ni kuma na daina auna bakina da na wani, kuma kafin in kai loma, ƙofa nake fara dubawa.