Ranar da Na Je Karɓar Babur ɗin Malam Bitrus

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara ɗaga hannu a aji ba, ni da ko sunana aka kira sai na ɓuya bayan Ladi, ƙawata.

Malam Bitrus mai koya mana lissafi ne ya rubuta 99,999,989 a allo. Ya ce irin lambobin nan ne masu taurin kai, babu abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu. Ya kaɗe alli daga hannunsa, ya ce, "Duk wanda ya samo mai raba ta ba saura, babur ɗina nasa ne." Aka yi dariya. Ni ban yi ba (na riga na hango Baba a kansa, ya huta da turereniyar motar Abuja kullum da asuba).

Da aka tashi na wuce shagon Kawu a kasuwa, na ari kalkuletarsa. Na raba da uku, sai ga 33333329, ba ko ɓurɓushi! Na dai lura da wani ɗan ɗigo maƙale a can ƙarshen gilashin, amma na ce datti ne. Har na faɗa wa Inna ta share wurin ajiye babur a zaure.

Washegari a aji na ɗaga hannu, na miƙe. "Malam, uku tana raba ta."

Malam ya tako inda nake. Ya miƙo mini alli. "To Hadiza, ninka amsarki sau uku mu gani."

Na ninka. Na sake ninkawa. Amsar ta tsaya a 99,999,987, biyu sun ƙi zuwa. Wani daga baya ya ce, "Hajiya mai babur, a ɗan rage mana hanya zuwa Tafa mana!" Har Ladi, Ladi fa, ta kifa kai a tebur tana sheƙa dariya. Na tsura wa takalmina ido, ina fatan ƙasa ta tsage.

Malam Bitrus bai yi dariya ba. Ya tambayi inda na samo amsar, na faɗa masa, har da ɗigon. Ya ce, "Kin ga ɗigon? Madalla. Gilashin gurbi takwas gare shi, amsarki ta cinye su duka, saura bai sami wurin zama ba. Ɗigon nan shi ke ce miki akwai sauran magana." Sai ya juya ga aji. "Ku masu haƙora a waje, wa ya gwada ko sau ɗaya?"

Har yau ana kirana Hajiya mai babur, kuma ina amsawa, ina kuma ɗaga hannu. Allah Ya saka wa Malam da alheri. Na koyi kada in raina ɗigo, kuma kada in sa Inna shara kafin in ninka.